Hunturun Zariya da batirin motar lantarki: sanyi ne abin tsoro ko zafi?

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, zancen abin hawa mai amfani da lantarki ya bar shafukan jarida ya shigo majalisar unguwa. Mai keke napep da ke jigila tsakanin Kwangila da Samaru yana lissafin abin da gidan mai ke yanka a cinikinsa na yini, malamin jami'a yana leƙa farashin motocin Caina a waya, ɗan acaɓa kuma ya fara ganin babur na wuce shi ba ƙara ba hayaƙi. Amma duk sa'ad da hira ta yi daɗi, sai wani ya jefo maganar sanyi. Ai an ce motar lantarki ba ta shiri da sanyi, ɗarin Zariya kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Wa zai zuba miliyoyi a motar da za ta kwanta masa da hunturu?

Maganar tana da tushe. A tsakiyar Janairun 2024 bidiyo ya yaɗu daga birnin Shikago na Amurka: motocin Tesla sun yi layi a wuraren caji, wasu wuta ta ƙare musu kafin layi ya zo kansu har sai da aka kira motar ja, wasu kuma an jona su amma caji ya ƙi shiga. Ba ƙirƙira ba ce, haka aka yi. Sai dai masu tura bidiyon ba su haɗo mana da ma'aunin yanayi ba. A waɗannan kwanakin sanyin Shikago ya kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, har ya wuce. Ruwa kuwa a sifili yake daskarewa.

A Zariya fa? A Disamba da Janairu asuba takan tsaya tsakanin digiri 12 da 15, ranar da ɗari ya matsa ta gangara wajen 10, kafin azahar kuma rana ta ɗaga yanayin zuwa kusan 30. Jikinmu da ya saba da zafi yana jin wannan sosai, ga busasshiyar iska mai fasa leɓe da diddige, ga hazo. Batir kuwa ba shi da leɓe, digiri kawai ya sani. Tsakanin asubarmu mafi tsanani da ta Shikago akwai tazarar digiri 30, kuma a cikin wannan tazarar ne kusan duk abin da ake tsoro yake faruwa.

Ba za a gane dalili ba sai an leƙa cikin akwatin. Abin da ake kira batirin mota ba guda ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne ko dubban ƙananan batura aka jera a ƙarƙashin kujeru, dangin na wayar hannu, wato batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Kowane ɗaya yana da ɓangare biyu, fositif da negatif, da siririn shamaki a tsakani, duka jiƙe cikin wani ruwan sinadari. Idan aka sa caji, ƙwayoyin litiyam sukan bar fositif, su ratsa ruwan, su shige tsakanin shimfiɗun garafait (baƙin nan da ke cikin fensir) da ke negatif. Idan direba ya taka totur sai su kama hanyar komawa, kuma wannan komawar ce ke ba mota wuta. Ke nan komai ya rataya a kan saurin kai-komon ƙwayoyin.

Sanyi yana rage wannan saurin. Ruwan yakan yi kauri, kamar yadda man ja ke yi a kwalba da hunturu: man yana nan bai ragu ba, amma sai ka yi haƙuri kafin ya zubo. Shigar ƙwayoyin cikin garafait da fitowarsu ma takan yi nawa. Don haka idan mota ta nemi wuta da yawa, ƙarfin batir yakan faɗi da wuri, kwamfutar motar ta ɗauka ya kusa ƙarewa alhali da saura a ciki. Wannan rashin na wucin gadi ne. Da batir ya yi ɗumi, abin da sanyi ya riƙe zai dawo.

Asarar da ba ta dawowa a wajen caji ake yin ta. Idan batir ya yi sanyi har wajen sifili, aka kuma tura masa wuta da ƙarfi, ƙwayoyin litiyam sukan iso bakin garafait fiye da yadda zai iya haɗiyewa. Waɗanda suka rasa shiga sai su kwanta a samansa su koma ƙarfe. Da yawa daga litiyam ɗin da ya koma haka ya fita aiki ke nan, batir ya ragu har abada. Abin da ya fi muni, ƙarfen yakan tsiro da ƙananan tsinke, idan ɗaya ya huda shamakin da ke tsakani, fositif da negatif suka haɗu, gobara na iya tashi. Shi ya sa kowace mota ta kirki take da kwamfutar da ke gadin batir, wadda masu haɗa sola suka sani da BMS. Ita ke auna ɗuminsa, idan ta ga ya yi sanyi ta rage wutar da ke shiga, ko ta hana gaba ɗaya sai an ɗumama shi. Har birkin nan da ke mayar wa batir wuta idan an ɗaga ƙafa takan rage masa ƙarfi, don shi ma caji ne.

Abin da ya cunkushe Shikago ke nan. Motar da ta kwana a waje a irin wannan sanyi, aka kai ta wurin caji kai tsaye, takan daɗe tana ɗumama batirinta kafin ta fara karɓar wuta. Kowace mota ta jima a kan caja, wasu cajojin ma sun ƙi aiki, layi ya yi tsawo, na baya kuma suna zaune da hita a kunne tana cinye ɗan abin da ya rage musu. Wani bincike da cibiyar gwamnatin Amurka da ke Idaho ta fitar a 2018, bisa bayanan tasi ƙirar Nissan Leaf a birnin Niyok, ya nuna cajin gaggawa na minti 30 a digiri sifili yana gaza wanda ake samu a digiri 25 da kashi 36 cikin 100. Maganin da kamfanoni suka samo shi ne mota ta fara ɗumama batirinta tun tana hanya, da zarar direba ya sa mata wurin caji a taswira.

Nisan zango kuwa, a nan aka fi ruɗa mutane. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta shigar da motoci biyar ɗakin gwaji: BMW i3s, Chevrolet Bolt, Nissan Leaf, Tesla Model S da Volkswagen e-Golf. Ta auna nisan da kowace ke ci da caji ɗaya a digiri 24, sannan ta sauke ɗakin zuwa kusan digiri 7 ƙasa da sifili. Da hita a kashe, nisan ya ragu da kashi 12 cikin 100 a matsakaici. Da aka kunna hita, ya ragu da kashi 41. Ta biyun ce ta zagaya duniya a kanun labarai, amma ta farkon ce ke nuna abin da sanyi ya yi wa motar ita kanta. Ragowar 29 ɗin ɗumama fasinja ne ya cinye.

Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a bonet ɗin motar da ta iso daga Kaduna ya san dalili. Injin fetur yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi, ta lagireto da salansa. Idan direba ya kunna hita, zafin da dama za a zubar ne ake karkatowa ciki, kyauta. Injin lantarki ba ya irin wannan ɓarna, saboda haka ba shi da rarar da zai bayar, duk ɗumin da fasinja zai ji daga batir za a cire shi. Mu yi lissafi da yunit, irin wanda muke saya a mitar kati. Matsakaiciyar motar lantarki takan ci wajen yunit 15 a kilomita 100. A ce ta yi awa ɗaya cikin cunkoso ta ci kilomita 30, tafiyar ta ɗauki yunit 4 da rabi. Hitar da ke jan kilowat 3 a wannan awar ta ɗauki yunit 3 nata, ba ta kuwa matsar da motar ko taku ɗaya ba.

Sababbin motoci da yawa sun koma wata dabara. Maimakon ƙona wuta a yi zafi, sai a juya aikin na'urar sanyaya ciki, wato esi, ta riƙa tsotso ɗumin da ke iskar waje tana turowa ciki. Nissan ta sa wa Leaf irin wannan tun 2013, Tesla ta fara da Model Y a 2020. Kuma da sanyi na kashe motar lantarki, da Norwe ce ta fara guje mata. Ƙasa ce da wani ɓangarenta ke can ƙuryar arewacin duniya, amma a 2024 kusan 9 cikin kowaɗanne sababbin motoci 10 da aka sayar a can masu lantarki ne zalla. Ƙungiyar masu motocin ƙasar, NAF, takan fitar da motoci kan titi a tsakiyar sanyinsu, a tuƙa su har su tsaya da kansu. A gwajin 2020, mai motoci 20, nisan ya gaza abin da kamfanoni suka rubuta da kashi 18.5 cikin 100 a matsakaici. Raguwa ce ta gaske, amma irin wadda direba ke sa wa a lissafi ya ci gaba da harkarsa.

Lambar da ta fi shafar mu daga kamfanin Geotab na Kanada ta fito, mai bin diddigin motocin ma'aikatu. Da ya tattara tafiye-tafiye sama da miliyan 5 na motocin lantarki, ya ga sun fi cin nisa a wajen digiri 21 zuwa 22, a digiri 15 ƙasa da sifili kuma nisan ya koma kusan rabi. A ɗora wannan a kan yinin hunturun Zariya, daga 12 da asuba zuwa 30 da rana: 21 tana tsakiya cif. Ban da haka, akwatin batirin mota yana da nauyin kilo 300 zuwa 500, a rufe yake, ba ya sakin ɗuminsa da sauri. Motar da ta yi aiki jiya aka ajiye ta bayan isha'i, batirinta ba zai sauka daidai da iskar asuba ba kafin rana ta fito. A ganina, ga babbar motar lantarki, hunturu ne lokacin da ya fi mata daɗi a duk shekarar Zariya: ba a cika buƙatar esi ba, hita kuma ta 'yan mintoci ce ga mai kai yara makaranta. Ko Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, inda akan sauka ƙasa da digiri 10, ba ta kai sifili.

Akwai dai ƙananan abubuwa da hunturu ke ɗauka, kuma ba a cikin batir suke ba. Tayar da mai faci ya ba iska da rana tsaka za ta nuna ƙasa da haka da wajen lamba 3 a geji da asuba, taya mai laushi kuma jan mota baya take yi. Da safe ya kamata a auna. Iska mai sanyi ta fi nauyi: ta digiri 10 ta fi ta digiri 35 kauri da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ita mota ke tsagawa. Sannan iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, inda Kano take daga nan. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Mai gudun kilomita 100 a awa da ya fuskanci iskar kilomita 20, turjiyar da yake sha ta ƙaru da kashi 44 cikin 100. Wanda kuma ya tashi daga gudun 90 ya koma 120 ya ƙara wa kansa kusan kashi 80. A kan titin Kano, ƙafar direba ta fi sanyin asuba cin batir nesa ba kusa ba.

Caji fa? Matsalar Shikago ta cajin gaggawa ce, mai tura kilowat 50 zuwa 250. Wanda zai jona mota a gida a Tudun Wada ko Hanwa da soket na yau da kullum, kilowat 2 zuwa 3 yake turawa, cajar bango ta kai 7. Ga batir mai yunit 64, irin na Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas, wadda NADDC, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da harkar ƙera motoci, ta gabatar a Abuja a 2021 zamanin shugabancin Jelani Aliyu, wannan ba wani ƙarfi ba ne, ko a digiri 10 zai shanye ba tare da damuwa ba. Amma cika shi daga ƙasa yana buƙatar fiye da awa 20 a soket, wajen awa 10 a cajar bango. A nan gizo ke saƙa. A rukunan da aka kasa layukan wutar lantarki, layin da ke rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 na wuta a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4, alkawari kuwa daban, cikawa daban. Mai motar lantarki a Zariya zai fi kwana da tunanin ko Nepa za ta kawo, in ta kawo ko da ƙarfinta, fiye da tunanin ɗari.

Mai dogaro da sola kuma a kan rufi hunturu zai same shi, ba a gareji ba. Farantin sola yana son sanyi, ƙarfinsa ma ƙaruwa yake yi idan bai ɗau zafi ba, amma hazo yana tare rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi kullum. Sai mutum ya ga cajin da ya saba cika da la'asar ya kai magariba bai cika ba, ya ce sanyi ya kashe batir, alhali farantin ne ke neman tsumma da ruwa. Tashar caji ta sola da NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, da duk wadda za a gina a Arewa, da wannan za su yi fama. Ƙurar nan ce kuma ke toshe lagireton da ke sanyaya batir da matatar iskar esi. Masu Toyota Prius, mai haɗa fetur da batir, sun san fankar da ke wajen kujerar baya: in ta toshe, batir zafi yake yi.

Inda zan yarda cewa sanyinmu yana da ɗan tasiri shi ne ƙananan ababen hawa, su ne kuma talaka zai fara hawa. Batirin babur ko keke napep mai lantarki ƙarami ne, ba hita ba ruwan sanyaya, duk yadda iska take haka yake. Ɗan acaɓan da ya fito da asuba ɗaukar masu zuwa tasha zai ga layin caji ya faɗi idan ya murɗa totur da kaya, ya dawo idan ya tsaya, zuwa hantsi kuma babur ya koma daidai. Ba lalacewa ba ce. Dabarar ita ce ya kwana a zaure ko ƙarƙashin rumfa maimakon filin Allah, a kuma yi masa caji da dare bayan an tashi aiki, sa'ad da ɗumin yini ke jikinsa. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne kusantar da shi ga kaskon wuta, ko lulluɓe shi da bargo yana caji, ko kai shi ɗakin kwana. Hunturu dama lokacin gobara ne, wutar litiyam kuma bokiti ɗaya ba ya kashe ta.

Wasu kekuna da babura masu araha ma ba litiyam ke cikinsu ba, batirin darma ne mai ruwan asid, dangin na inbata da na tada mota. Ana auna ƙarfinsa a wajen digiri 25, kuma duk digirin da aka sauka yana rasa kusan kashi 1 cikin 100, ke nan a asubar digiri 12 wajen kashi 10 sun tafi. Amma ga abin lura. Motar fetur da ke ƙin tashi da sanyin Disamba har a kira yara su tura, yawanci zafin Afrilu ne ya cinye batirinta tun tuni, sanyi asiri kawai ya tona. Ƙa'idar da masu ƙera irin wannan batir ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. Yawancin motocin lantarki ma suna da wannan ƙaramin batir mai bolt 12, shi ke tada kwamfuta ya buɗe wa babban hanya. In ya mutu, ko babban a cike yake, mota ba za ta motsa ba.

A nan ne nake ganin mun bar jaki muna dukan taiki. A gwajin AAA ɗin nan an kuma ɗaga ɗakin zuwa digiri 35: ba esi, nisan ya ragu da kashi 4, da esi kuma da kashi 17. Digiri 35 ba baƙo ba ne a nan. A Maris da Afrilu Zariya takan wuce shi, wasu ranaku ta doshi 40, batir kuma yana ƙasan mota, taƙi ɗaya daga kwaltar da ta fi iska zafi. Gaskiya ne 17 ba ta kai 41 ba, domin esi kwashe zafi yake yi ba ƙirƙirarsa ba, sannan sauko da mota daga 38 zuwa 22 rabin aikin ɗaga ta ne daga 10 ƙasa da sifili zuwa 22. Amma mu 41 ɗin ba za mu gan ta ba, 17 ɗin kuwa tamu ce duk bazara.

Raguwar nisan ma ita ce ƙarama. Zafi yana tsofar da batir ko da mota tana ajiye. A saman garafait akwai wani siririn ɓawo da ke samuwa tun cajin farko, yana ƙara kauri a hankali, kuma da litiyam yake gina kansa. Duk abin da ya ci ya ciwu. Zafi yana hanzarta shi, cikar batir maƙil ma haka, in suka haɗu abin ya fi muni. Mazauna jihar Arizona ta Amurka, mai zafi irin namu ko fiye, sun ga haka a 2012. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, da iskar waje kawai take dogaro, kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu masu ita a birnin Finiks suka fara ganin layukan lafiyar batir suna ɓacewa a gaban sitiyari. Magana ta kai kotu, kamfanin ya ƙara garanti, daga baya ya sauya sinadarin batirin zuwa mai juriyar zafi. Irin motar a ƙasashe masu sanyi ba ta tsufa da wannan saurin ba.

Don haka al'adun da mai motar lantarki ke buƙata a Zariya na bazara ne. Inuwa tukuna, ko ta bishiyar mangwaro ce. Kar a cika batir kashi 100 a bar shi a rana yini guda. Ga yawancin motoci 80 ta isa zirga-zirgar gari, a bar cikawa sai daren tafiya. Kar a sauko daga gudun babbar hanya da rana tsaka a yi ta jona cajin gaggawa a jere in ba dole ba, motar ma da kanta za ta rage wutar, kamar dai yadda take yi a sanyi, wannan karon don kar zafi ya yi mata yawa. In akwai wuta, a kunna esi tun mota tana jone, zafin farko ya fita a kuɗin mita ba a batir ba.

Wajen saye ma lissafin juyawa yake yi. Dillali zai iya ce maka, “Alhaji, wannan fa har da hitar kujera da ta sitiyari,” ka biya kuɗin abin da ba za ka kunna ba. Tambayar da ta dace ita ce da me ake sanyaya batirin, ruwa ko iska. Sai kuma irinsa. Akwai mai nikel da kobalt, NMC, mai ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin wuri. Akwai mai ƙarfe da fosfet, LFP, wanda kamfanin BYD na Caina ya fito da samfurinsa mai suna Blade a 2020. A Turai da Kanada ana kushe LFP don ya fi jin sanyi, amma ya fi juriyar zafi, ya fi daɗewa, ya fi wuyar kamawa da wuta, Tesla ma cewa take a cika shi maƙil aƙalla sau ɗaya a mako. Aibin nasa ba ya iso mu, amfanin kuwa shi muke nema. Ga mai sayen ta hannu, motar da ta yi rayuwarta a Kanada ko Norwe ta fi yiwuwar zuwa da lafiyayyen batir fiye da wadda ta fito daga Dubai ko Arizona, sai dai a leƙa ƙasanta, don gishirin da suke zubawa a titi saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe. Garantin batir na yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma da wuya ya biyo 'yar Kwatano har Sabon Gari.

Kilomitan da ke rubuce a takarda kuma a karanta su da lura. Gwajin Turai, WLTP, a ɗaki ake yin sa, a digiri 23, esi da hita a kashe. Na Caina, CLTC, ya ma fi shi sassauci, don ya fi karkata ga tafiyar cikin gari a hankali. Kona ɗin nan an rubuta mata kilomita 482, amma ba a hanyar Funtuwa aka samo lambar ba, a watan Afrilu, da mutum biyar da buhu a but. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, duk a garin nan, ga tashar auna yanayi ta Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru. Gwajin bazara irin wanda NAF ke yi wa sanyi aiki ne da ya dace da su. Kafin nan, mai niyyar saye yana iya yin nasa. Ya nemi a ba shi motar da ƙarfe 2 na rana, ya rubuta kason batir a Ɗan Magaji, ya kunna esi, ya je Kaduna ya dawo da gudun da ya saba, wajen kilomita 150 zuwa 160 ke nan, sannan ya duba nawa ya rage. Daga nan zai fitar da yunit nawa take ci a kilomita 100, ya kwatanta da awowin wutar layinsu.